Nasiha ga Matasan Kirista na Zangon Kumasi kan Addu'a da Karatun Kullum

Zango, a Kumasi kamar a sauran biranen Gana, shi ne unguwar da baƙin arewa suka sauka a cikinta har ta zame musu gida, kuma tushensa yana komawa ga fataucin goro, wanda ya haɗa ƙasar Asante da Kano da Katsina ta hanyar Salaga tun kafin zuwan Turawa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar sojojin Ingila Kumasi a 1896, fatake da malamai da tsofaffin sojoji suka yi ta kwararowa, daga baya 'yan ƙwadago suka biyo sawunsu, har wurare irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Zangon Mosi suka cika, Hausa kuma ta zama harshen ciniki da gaisuwa tsakanin mutanen da kowa da nasa harshen a gida. Mafi yawan mazauna waɗannan unguwanni Musulmi ne, amma a cikin gidajen hayarsu akwai Kirista ba kaɗan ba, da yawansu jikokin mutanen arewacin Gana ne, Frafra da Dagaaba da Kasena da Kusasi da Builsa, waɗanda bishara ta isa yankinsu ta hannun limaman Katolika da suka sauka Navrongo a 1906 da Jirapa a 1929, ko masu wa'azin Assemblies of God da suka shigo Yendi daga ƙasar Mosi a 1931, ko mishan ɗin Firesbiteriya. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa Kirista sun kai kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana, Musulmi kuwa kusan kashi 20, sai dai matashin Kirista da aka haifa a Aboabo ya san cewa a layinsu lissafin a juye yake, kuma irin wannan matashi ake nufi da wannan nasiha.

Abin da ya fara bambanta ranarsa da ta maƙwabcinsa shi ne tsarin lokaci. Musulmin zango yana da mai tuna masa, domin ladan yana kira sau biyar daga masallacin layi, mai shago yana tura ƙyaure, butoci suna jere a bakin ƙofa, abokai suna taɓa juna su ce a tashi a ba da farali, ta yadda wanda ya makara ma zai ji a jikinsa cewa ya makara. Kirista kuwa, in aka ɗauke ranar Lahadi da taron tsakiyar mako, babu mai kiransa zuwa addu'a, babu sahun da za a ga gurbinsa a ciki, kuma yana iya yin wata guda bai buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ko mahaifiyarsa ba ta lura ba. Wannan 'yanci yana da tsada, domin abin da ba a ɗaure shi da lokaci ba shi ake fara yarwa idan rana ta yi nauyi. Sakamakon da ake gani shi ne ibadar da ta taru wuri ɗaya, sujadar Lahadi mai tsawo, kwanan addu'a na daren Juma'a, azumin farkon shekara, sa'an nan kwanaki masu yawa babu komai a tsakani. Zafin zuciya, wato ɗokin da mutum ke ji bayan wa'azi mai ratsa jiki, yana iya fara al'ada amma ba ya riƙe ta. Abin da ke riƙe ta shi ne ƙayyadadden lokaci da ƙaramin ma'auni da harshen da mutum ke ganewa, kuma waɗannan dole matashi ya gina wa kansa tun da unguwa ba za ta gina masa ba.

Wasu matasa suna ɗauka cewa ƙayyade lokacin addu'a aro ne daga maƙwabta, ko ƙa'ida ce da ta saɓa wa 'yancin Ruhu, alhali tarihin ikkilisiya bai goyi bayan wannan zato ba. Littafin Daniyel, a sura ta 6, ya ba da labarin ma'aikacin fada a ƙasar baƙunci wanda yake durƙusawa sau uku a rana, kuma abin lura shi ne cewa sa'ad da aka kafa dokar hana addu'a bai ƙirƙiro wata sabuwar jarumta ba, ya ci gaba ne kawai da abin da ya saba. Ayyukan Manzanni sura ta 3 ta nuna Bitrus da Yahaya suna tafiya Haikali a lokacin addu'ar ƙarfe uku na yamma, Markus kuma a surarsa ta farko ya ambaci fitar Yesu tun da sauran duhu zuwa wurin da ba kowa. Didake, wani ɗan littafin koyarwa da aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya umurci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. A ƙarni na 6 Benedict na Nursiya, a ƙasar Italiya, ya tsara wa sufaye, wato mutanen da suka keɓe kansu domin ibada, lokuta takwas na addu'a a dare da yini, ta yadda za su sauke Zabura 150 a kowane mako. A 1549 kuma Thomas Cranmer, babban bishop na Canterbury a Ingila, ya dunƙule lokutan zuwa biyu, safe da maraice, ya raba Zabura kan kwanakin wata, domin manomi da maƙeri su ma su iya bi. A ƙasar nan ma, mishan ɗin Basel, wanda Fritz Ramseyer ya kafa tasharsa a Kumasi a 1896 bayan ya taɓa yin shekaru a birnin a matsayin fursuna har zuwa 1874, an san shi da sujadar asuba a unguwannin Kirista da ake kira Salem. Matashin da ya yanka wa kansa lokaci yana komawa ne ga gadon gidansu.

Uzurin da aka fi ji, cewa karatun kullum aikin fasto ne da katikis, shi ma tsoho ne. Yahaya Kirisostom, wanda ya yi wa'azi a Antakiya kafin ya zama bishop na Kustantiniya, ya kuma rasu a 407, ya sha jin mutanensa suna cewa su masu iyali ne da sana'a, karatu na sufaye ne, sai ya amsa musu cewa wanda yake tsakiyar kasuwa da rigingimun gida ya fi sufin da ke kan dutse buƙatar Littafi, tun da shi ne yake shan rauni kullum. Yaron da ke koyon kanikanci a Suame Magazine, inda haƙuri kan ƙare tsakanin maigida da yaro da mai mota, da yarinyar da ke dakon kaya a kasuwar Kejetia, su ne irin mutanen da yake nufi.

A zango asuba ta fi kowane lokaci dacewa, kuma dalilin ya shafi yadda gidan haya yake. Kumasi tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, don haka fitowar rana ba ta yin nisa da ƙarfe shida duk shekara, kiran asuba kuma yana zuwa wajen ƙarfe biyar ko kafin haka kaɗan, ke nan Kirista yana da agogon da ba ya buƙatar batir ko wutar lantarki, kuma babu laifi ya bar muryar ladan ta tashe shi zuwa tasa addu'ar. Tsakanin kiran da fitowar rana akwai ɗan lokacin da tsakar gida take shiru: maza sun fita masallaci, mai koko da ƙosai ta hura wuta a waje amma layin masu saye bai kafu ba, ba a fara jera bokitai a bakin famfo da ƙofar wanka ba, yara ba su motsa ba. Da zarar ƙarfe shida ta buga, rediyo ya kama, tsintsiya ta kama, masu motocin trotro da kekunan pragya sun fara danna ham, kuma wanda ya ce zai yi karatu in ya gama wanka ya riga ya rasa ranar. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a ɗaure karatun da wani abin da ba ya tashi, kamar wanke fuska, a ƙudurta cewa ba a taɓa waya ba, ba a sa komai a baki ba, sai an karanta. Shirin asuba kuwa tun dare ake yinsa, a ajiye Littafin inda hannu zai kai, da alama a wurin da aka tsaya, a kuma kwanta da wuri, domin wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare a majalisar hira ya riga ya yanke wa asubarsa hukunci. Wanda aikinsa bai bar masa asuba ba, kamar maigadi, ko ma'aikaciyar jinya mai kwana a asibitin Komfo Anokye, ko yarinyar da ke taya uwarta dafa wake da shinkafa tun cikin dare, sai ya nemi wani lokacin da ba ya motsi, ko da na azahar ne sa'ad da maigidan shago ya tafi salla. Littafi Mai Tsarki bai wajabta sa'a ɗaya ba. Abin nema shi ne sa'ar ta zama ita ce jiya, ita ce yau.

Batun wuri ya fi wuya. Matiyu sura ta 6 ta koyar da shiga ɗaki a rufe ƙofa, amma wanda yake kwana da 'yan'uwa biyar a ɗaki ɗaya, ko da abokan koyon sana'a a cikin shago, ba shi da ƙofar da zai rufe. Manufar koyarwar ita ce a guji yin addu'a don idon mutane, kuma ana iya cika wannan a kan tabarma a kusurwar ɗaki da hasken tocilan, ko a kan benci a baranda, ko a majami'ar da ke kan hanyar aiki in ana barin ta a buɗe. Murya kuma ta zama ƙasa-ƙasa, domin maƙwabcin da ya dawo daga aikin dare yana da hakkin barci, kuma addu'ar da ta ratsa bango ta hana shi runtsawa ta riga ta saɓa wa umarnin ƙaunar maƙwabci tun kafin a kai ga amin.

Kuskuren da ya fi kashe al'adar karatu shi ne ɗaukar abin da ya fi ƙarfi. Littafi Mai Tsarki a hannun Furotesta littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari (na Katolika 73 ne, saboda ƙarin wasu littattafai a Tsohon Alkawari), surorinsu kuma 1,189, don haka mai son saukewa a shekara ɗaya sai ya karanta fiye da sura uku kullum ba fashi. Matasa da yawa sukan ɗauki wannan alkawari a daren shiga sabuwar shekara, su bi Farawa da Fitowa da daɗi saboda labaransu, sai wajen ƙarshen Janairu su faɗa cikin dokokin hadaya da na kuturta a Littafin Firistoci, bashin surori ya taru, kunya kuma ta hana su komawa. Jadawalin da Robert Murray M'Cheyne, wani fasto na Dundee a Sikotilan, ya shirya a 1842, wanda har yau ake bugawa, yana bi da mutum ta Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu a shekara, kusan sura huɗu a rana. Jadawali ne mai kyau ga wanda ya riga ya kafu, amma ya yi wa mai farawa nauyi. Ga mai farawa akwai lissafi mai sauƙi: Sabon Alkawari sura 260 ne, makonnin shekara 52, in aka karanta sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, za a gama shi daidai a shekara guda, a bar Lahadi ga sujada, Asabar kuma ga cike gurbin da aka rasa. Yawancin surori ba sa cin fiye da minti biyar ko shida in an karanta da murya, saboda haka kwata na awa ya isa karatu da tunani da addu'a.

Matan kasuwa sun san wannan hikima a harkar kuɗi, domin mai karɓar adashin da ake kira susu yana zagayawa kullum ya karɓi abin da mai tebur ta yi alkawari, ya sa alama a katinta, kuma mace mai hankali takan yanka adadin da za ta iya bayarwa ko a ranar da ciniki ya mutu, maimakon wanda za ta iya a jajibirin salla. Haka ya kamata a yanka ma'aunin karatu bisa ranar gajiya da zazzaɓi da ruwan sama, in ya so ranar da aka sami sarari a ƙara. Game da inda za a fara, Markus ya fi dacewa, sura 16 ne kuma labarinsa yana tafiya da sauri. Sai Luka da Ayyukan Manzanni, waɗanda marubuci ɗaya ya rubuta kamar juzu'i biyu. Sai gajerun wasiƙu irin Filibiyawa da Yakubu, kafin a tunkari Romawa. Wahayin Yahaya, wanda matasa ke ɗokin farawa da shi saboda dabbobinsa da lambobinsa, a bar shi zuwa ƙarshe, domin ba ya buɗuwa ga wanda bai san Fitowa da Ezekiyel da Daniyel ba.

Yana da amfani a san cewa lambobin surori da ayoyi ba marubutan ne suka sa su ba. Rabon surorin da ake amfani da shi ana danganta shi ga Stephen Langton a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai ɗab'i, Robert Estienne, ya sa su a 1551, don sauƙin nema. Illar da ta biyo baya ita ce aya ɗaya tana iya fita daga mahallinta ta yi yawo ita kaɗai, a bayan trotro, a allon shago, a saƙon WhatsApp na safe, har mutum ya zaci ya yi karatun ranar alhali bai san wa ake yi wa magana ba, bai kuma san abin da ya gabata ba. Bulus wasiƙu ya rubuta, wasiƙa kuwa daga farko ake karanta ta. Littattafan jagora na kullum, irin Daily Guide da Daily Power na ƙungiyar Scripture Union, wadda ta daɗe tana aiki a makarantun sakandaren Gana, da jadawalin karatun Katolika, wanda na Lahadi ke zagayawa cikin shekara uku, suna sauke wa matashi nauyin zaɓe, amma da sharaɗin a fara karanta nassin, wato ainihin sashen Littafin da aka nuna, kafin bayanin marubuci. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni sura ta 17, an yaba musu ne domin suna auna wa'azin Bulus kansa da Nassi kowace rana, kuma a birnin da masu wa'azi suka cika tashar mota da gidajen rediyo, wasu na gaskiya, wasu da man shafawa na sayarwa, wanda ba ya iya wannan aunawa yana hannun duk wanda ya fi ɗaga murya.

Tambayar harshe ta fi damun ɗan zango fiye da sauran matasan Kumasi, domin yakan yi Hausa a layi, Tuwi a kasuwa, Turanci a makaranta, harshen kakanni kuma a gida, kuma ba lalle ne ya iya karanta dukansu ba. Akwai wani girma da ake ba tsohuwar fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611, har wasu ke jin addu'a ba ta da nauyi sai da irin kalmominta, alhali Turancin ya haura shekara 400, kuma ko 'yan jami'a sukan yi tuntuɓe a cikinsa. Nehemiya sura ta 8 ta nuna cewa sa'ad da Ezra ya karanta Shari'a a dandali, Lawiyawa sun bi jama'a da bayani har suka gane, kuma murnar da aka yi a ranar ta ganewa ce. Waɗanda suka sha wahalar fassara don haka suka sha ta. Johann Gottlieb Christaller na mishan ɗin Basel, tare da abokan aikinsa 'yan ƙasa, ya kammala fassarar Tuwi a 1871. A Hausa, James Frederick Schön ya fara fitar da sassa a shekarun 1850 da taimakon Dorugu, saurayin Bahaushen da ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Turai. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, Likita Walter Miller na Zariya yana cikin manyan masu aikin, aka kuma fitar da sabuwar fassara a 1979. Cibiyar GILLBT ta Tamale da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Gana sun yi aikin fassara cikin harsuna da dama na arewa. Ɗan zango da ya ɗauki fassarar Hausa zai tarar Hausar Nijeriya ce, mai rarrabe namiji da tamace a inda Hausar Kumasi ba ta damu ba, da kalmomin da ba a cika ji a Aboabo ba, amma karatu da murya yana sa kunne ya saba, kuma ajiye fassara biyu gefe da gefe yakan warware ayar da ta cije. Wanda bai iya karatu ba ko kaɗan yana da Littafin da aka naɗa a murya da Hausa da Tuwi, kuma kada ya raina sauraro, tun da yawancin masu bi na ƙarnonin farko da kunne suka karɓi Littafin.

Yadda karatu ke zama addu'a, wani sufi mai suna Guigo, a ƙasar Faransa a ƙarni na 12, ya bayyana shi a matakai huɗu, karatu da bimbini da addu'a da natsuwa. Bimbini a nan yana nufin juya magana a zuci, a maimaita ta, a tambayi abin da take nunawa game da Allah da abin da take nema daga mai karatu a wannan rana. Daga nan addu'a take tasowa daga abin da aka karanta, sa'an nan a yi shiru kaɗan kafin a miƙe. Wannan tsari yana magance matsalar da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba, wato addu'ar da ta zama kalmomi iri ɗaya kullum, godiya don an tashi lafiya, roƙon kuɗi da biza da cin jarrabawa, sai amin. Wanda ya karanta misalin bawan da aka yafe wa bashi mai yawa ya ƙi yafe ƙarami, a Matiyu sura ta 18, ba zai rasa sunan da zai ambata a safiyar nan ba. Addu'ar Ubangiji kuma, ban da haddarta, ana iya bin ta a matsayin kanun magana, a lura cewa sunan Allah da mulkinsa da nufinsa sun riga abinci zuwa, abincin kuma na yini ɗaya ne, gafarar da ake roƙo kuma a haɗe take da wadda ake bayarwa. Zabura tana ara wa mutum baki a ranar da ya rasa abin faɗa, kuma da yawa daga cikinta kuka ne da ƙorafi, har ta 88 ta ƙare ba tare da wata ta'aziyya ba, abin da ke nuna cewa ba a neman fara'ar ƙarya a gaban Allah. Ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta yana taimakawa ƙwarai, a sa kwanan wata da sura da jimla ɗaya tak, a bayan littafin kuma sunayen waɗanda ake yi wa addu'a.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa a fili. Wani salon addu'a ya yaɗu wanda kusan dukansa yaƙi ne da maƙiya, da mayun dangi, da masu toshe hanya, ana kiran wuta a kansu. Matashin da ya mai da kwatan awarsa na safe lissafin waɗanda yake zargi zai fito yana kallon gwaggonsa da kishiyar uwarsa da idon tuhuma, kuma a gidan da ake raba famfo ɗaya da kuɗin wuta ɗaya wannan guba ce. Umarnin Matiyu sura ta 5 game da maƙiyi shi ne a yi masa addu'ar alheri, wanda ya fi kiran wuta wuya nesa ba kusa ba.

Waya ta sa fassarori da yawa a aljihu kyauta, tana kuma haskawa ranar da aka ɗauke wuta, amma a allo ɗaya ne saƙonni da TikTok da sakamakon ƙwallo ke jira. Wanda ya san halinsa ya nemi na takarda, ko ya kashe data kafin ya buɗe manhaja. Ƙidayar kwanakin da wasu manhajoji ke nunawa ma tana iya zama abin da ake karewa, har mutum ya buɗe ya rufe don kada lambar ta koma sifili.

Fashi zai zo, ko ta tafiya gida arewa don jana'iza, ko zazzaɓin cizon sauro, ko makon jarrabawa, kuma ƙa'idar da ta fi amfani ita ce kada a ce sai an biya bashi, a ci gaba kawai daga inda alama take, domin wanda ya tara sura goma don ya rama a dare ɗaya yakan gaji ya ƙara yin fashi. Fitowa sura ta 16 ta nuna cewa manna, abincin da Isra'ilawa suka ci a jeji, na rana ɗaya ake tarawa, in ban da jajibirin Asabar, kuma wanda aka ajiye don gobe lalacewa ya yi. Akwai kuma lokacin bushewa, wato makonnin da mutum ke karantawa bai ji komai ba, kuma shawarar malaman ikkilisiya tun dā ita ce kada a sauya tsari a cikin irin wannan lokaci, a riƙe shi har ya wuce, yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Hawan dutsen Atwea, inda Kirista ke zuwa su yi kwanaki suna addu'a, da kwanan addu'a da taron farkawa, duk suna da wurinsu, sai dai wanda ya sauko ba shi da al'adar da zai zuba abin da ya samo a ciki yakan ga ya zurare cikin mako biyu, ya fara lissafin kuɗin motar komawa.

Kaɗan daga abin da jama'a ke yi wa Musulmi, abokin karatu ɗaya yana iya yi wa Kirista. Mutum biyu da suka amince su bi littafi ɗaya, ƙarami ya tari babba a bakin famfo ya ce, "Yaya, ina ka tsaya?", sun fi mutum ɗaya mai ƙudurin ƙarfe daɗewa. Cocin Firesbiteriya ya kafa shiri na musamman domin 'yan arewa mazauna biranen kudu su yi sujada da harsunansu, kuma a irin waɗannan ƙananan ikkilisiyoyi ne ake samun abokin karatu da dattijon da za a kai wa ayar da ta gagara, kamar yadda ma'ajin sarauniyar Habasha, a Ayyukan Manzanni sura ta 8, ya roƙi Filibus ya hau karusa ya bayyana masa Ishaya. Matashi ya je da tambayarsa a rubuce, ya gaida Baba Katikis ko Mama shugabar zumuntar mata yadda ya kamata, sa'an nan ya nuna inda ya cije.

Saura batun maƙwabta. A zango dangi ɗaya kan haɗa addini biyu, kawu Alhaji ne, inna dattijuwar coci ce, kuma matashi zai sha tambaya daga abokan da suka haddace surori tun suna makarantar allo. Kunyar rashin amsa takan tura wasu su koma karanta Littafi don neman makamin muhawara, irin karatun da ke sa mutum ya san ayoyi goma na gardama ya jahilci sauran, ya kuma tashi daga tabarma da zafin kai fiye da yadda ya zauna. Zaman lafiyar addinai a Gana abu ne da manya suka yi wa hidima, har a Afrilun 2019 Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci sujadar Ista a cocin Katolika na Christ the King a Accra lokacin cikarsa shekara 100. Abin da ya rage wa ƙarami shi ne ya rage sautin waƙarsa in an ta da salla a zaure, kada ya ƙetare gaban mai salla, ya kai gaisuwar barka da salla ga dattawan gida, in an tambaye shi abin da ya karanta da safe ya faɗa a taƙaice yadda ya gane, in kuma an tambaye shi abin da bai sani ba ya ce bai sani ba, ya rubuta tambayar a littafinsa ya kai wa wanda ya fi shi sani ranar Lahadi.